Dalilin da ya sa rediyo da talabijin kan kamo tashoshi masu nisa

A bisa al'ada, igiyar tashar FM ko ta talabijin a miƙe take tafiya kamar hasken fitila, shi ya sa ba kasafai take wuce kilomita 100 daga hasumiyar da ta fito ba. Sai dai akwai ranakun da rediyo kan kamo tashar wata ƙasa mai nisa, ko baƙon hoto ya hau kan na gida a talabijin. Akwatin lafiyarsa lau. Yanayin sararin samaniya ne ya sauya.

Dalili na farko yana cikin iskar da ke kusa da ƙasa. Idan busasshiyar iska mai ɗumi ta kwanta a kan mai sanyi da danshi, sai a sami wani kwararo da ke lanƙwaso igiyar, ta bi doron ƙasa har ɗaruruwan kilomitoci. An fi ganin haka a Tekun Fasha da Bahar Rum da gaɓar Afirka ta Yamma.

Na biyu yana can sama, kimanin kilomita 100 daga ƙasa, inda wasu curin iska masu ɗauke da lantarki kan taru ba zato, su mayar da igiya ƙasa kamar madubi. Tsalle guda kan kai kilomita 2,000. A arewacin duniya lamarin ya fi yawa daga Mayu zuwa Agusta, kuma yakan ɗauki mintuna ko 'yan sa'o'i.

Na uku ya danganta da ƙarfin rana, wanda kan kai ƙololuwa kusan duk shekara 11. A 1938 injiniyoyin kamfanin RCA a jihar New York ta Amurka sun kamo hoton talabijin na BBC daga Landan. Wannan shimfiɗar lantarki ta sama, wadda Edward Appleton na Ingila ya tabbatar da samuwarta a 1924, ita ce ke isar da shirye-shiryen gajeren zango kullum.

Illar lamarin ita ce cin karo tsakanin tashoshin da ke kan mita ɗaya, abin da ya sa ƙasashe ke daidaita rabon mitoci a ƙarƙashin Hukumar Sadarwa ta Duniya, ITU, da ke Geneva. A talabijin na dijital, hoto kan tsinke ko ya ɗauke gaba ɗaya. Sake saita akwati ba ya magani; da zarar yanayi ya daidaita, tashar gida za ta dawo.