Daga Lakar Zomo Zuwa Allurar Ɗan Kwikwiyo

Idan aka kawo ɗan kwikwiyo gidanka, ya mai karatu, ko don gadi ko don farauta, yara ne za su fara rungumarsa, su ne kuma za su fara shan cizonsa na wasa. Shi ya sa, ko da yake aikina a asibiti harhaɗa magungunan mutane ne, na ga ya dace in ba ka tarihin wata allura da likitan dabbobi ke yi wa kwikwiyo idan ya cika wata uku, wato riga-kafin ciwon haukan kare. A jikin kare ake tsira ta, amma 'ya'yanka ne suka fi cin moriyarta.

Cutar tsohuwa ce ƙwarai. Kusan shekara 4,000 da suka wuce, a birnin Eshnunna na ƙasar da ake kira Iraƙi a yau, doka ta tanadi cewa idan kare ya haukace, hukuma ta gargaɗi mai shi amma bai tsare shi ba, har ya ciji mutum ya mutu, to mai karen zai biya shekel 40 na azurfa. Tun wancan zamani an san wuyan wanda alhakin yake. Magani ne ba a samu ba. A ƙarni na farko, Celsus na ƙasar Rum ya ba da shawarar a yi wa wurin cizon lalas da wuta, aka kuwa bi wannan har cikin ƙarni na 19. A 1831, wani mahaukacin kyarkeci ya ciji mutane a yankin Arbois na Faransa, aka riƙa kai su maƙera ana ƙona raunukansu da jan ƙarfe. Cikin yaran garin akwai wani ɗan shekara takwas mai suna Louis Pasteur.

Kafin ya waiwayi cutar, wasu sun share masa fage. A 1804 wani Bajamushe, Zinke, ya nuna cewa miyau ne ke ɗauke da ita. A 1879 kuma Galtier, malamin likitancin dabbobi a Lyon, ya tabbatar da cewa tana kama zomo, wanda ya fi mahaukacin kare sauƙin tsarewa a ɗakin bincike. Pasteur da abokin aikinsa Émile Roux ba su taɓa ganin ƙwayar cutar da idonsu ba, domin ta yi wa madubin lokacin ƙanƙanta, amma sun gane cewa a ƙwaƙwalwa da laka take taruwa. Sai suka riƙa cire lakar zomayen da cutar ta kashe suna ratayewa cikin kwalabe masu busasshiyar iska. Kullum kaifinta na raguwa, har bayan kamar kwana 14 ta daina kisa. Suka riƙa yi wa karnuka allura da ita, daga mafi rauni zuwa mafi ƙarfi, karnukan kuwa suka samu kariya.

Akwai wata ɗabi'a ta cutar da ya kamata ka riƙe, domin a kanta komai ya rataya. Ba ta bin jini. Jijiyoyin saƙo take bi a hankali daga wurin cizon zuwa ƙwaƙwalwa, tafiyar da kan ɗauki wata ɗaya zuwa uku, ta fi sauri idan cizon a fuska ne ko wuya. Wannan jinkiri shi ya ba da damar a yi wa mutum riga-kafi bayan an riga an cije shi, jikinsa ya riga cutar shiri.

Ranar 6 ga Yuli, 1885, wata uwa daga Alsace ta kawo wa Pasteur ɗanta Joseph Meister, mai shekara tara, wanda kare ya cije shi a wuri 14 kwana biyu kafin nan. Pasteur ba likita ba ne, don haka Dakta Grancher ne ya riƙe sirinji. Aka yi wa yaron allura 13 cikin kwana 11, ta ƙarshe daga laka mai cikakken kaifi. Ya rayu, har daga baya ya zama mai tsaron ƙofar Cibiyar Pasteur da aka buɗe a Faris a 1888. Kasada ce babba, a ganina, kuma babu kwamitin asibiti na yau da zai amince da ita kai tsaye. Littattafan aikin Pasteur da aka buɗe daga baya sun nuna gwajin wannan hanya a kan karnuka bai gama nuna ba. Yaro ɗaya kuma ba hujja ba ne, tun da ba duk wanda mahaukacin kare ya ciza ne ke kamuwa ba. Hujjar ta zo ne a Maris 1886, sa'ad da ya bayyana cewa cikin mutum 350 da aka yi wa allurar, ɗaya kaɗai aka rasa.

Riga-kafin mutane ya ci gaba da gyaruwa. Na Semple, wanda aka haɗa a Indiya a 1911 daga ƙwaƙwalwar dabba, allura 14 ne ko fiye a fatar ciki, kuma yakan shanye wa wasu jiki. Dattawa da yawa ba su manta da shi ba, har yanzu tsoronsa na hana wasu zuwa asibiti. Na yau, wanda ake renonsa a ɗakin bincike tun shekarun 1970, 'yan allurai ne a dantse.

Sai dai yi wa wanda aka ciza allura ba ya taɓa karen da zai ciji na gaba. Birtaniya ta kawar da cutar a 1902 da takunkumi da killace karnukan da ake shigowa da su. Japan ce ta fara yi wa karnuka riga-kafi da yawa a farkon shekarun 1920, ta wajabta shi da doka a 1950, kafin 1960 kuwa ta rabu da cutar. A Najeriya, an fara rubuta kamuwar mutum a 1912, ta kare a 1925, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da ke Filato ta daɗe tana haɗa riga-kafin karnuka. Misalin da ya fi burge ni na maƙwabta ne: a 2012 da 2013 an yi wa sama da kashi 70 cikin ɗari na karnukan birnin Njamena allura, yaɗuwar cutar ta tsaya cak na wani lokaci, sai da karnuka daga wajen birni suka sake shigo da ita. Duk da haka, Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙiyasta mutuwar mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15.

Me ya sa wata uku? Kwikwiyo na samun garkuwa daga dakashin uwarsa a ranar farko ta haihuwa, kuma wannan garkuwar aro tana iya dakushe allura kafin ta yi aiki. Don haka ake fara riga-kafin sauran cututtukan karnuka, irin su fabo mai sa amai da zawon jini, daga mako shida zuwa takwas, a maimaita har mako 16, a yi na hauka a mako na 12. Amma idan ma'aikatan gangami suka zo unguwa, ka miƙa shi ko bai kai ba, a sake masa daga baya. Kada ka raba shi da uwarsa kafin mako takwas, kuma a ba shi maganin tsutsar ciki, domin tsutsarsa na kama yara. Wanda aka tsinto a bola ko aka saya a bakin hanya, kada yara su taɓa shi sai likitan dabbobi ya duba shi. Ƙanƙantarsa ba ta hana shi ɗauke da cutar.

A nan ne sana'ata ta shigo. Riga-kafin nan, na kare da na mutum, sai an adana shi tsakanin digiri 2 zuwa 8, ba a bari ya daskare, ba a bari ya sha rana. Kwalbar da aka zaro daga aljihu a kasuwa, komai arharta, ka bar ta. Ka nemi katin shaida mai kwanan wata, ka tambayi ranar maimaitawa.

Idan kuma an yi cizo ko yaƙushi, ko da na kwikwiyo ne, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, kada a tura masa gari ko toka, a tafi asibiti a ranar. Da zarar tsoron ruwa da sauran alamomi sun bayyana, kusan babu mai tsira. Karen kuwa, in zai yiwu, a ɗaure shi a sa masa ido kwana goma, amma a fara allurar tun ranar farko, ba sai an ga abin da zai zama ba.