Daga Gafakar Mai Wurno Zuwa Git: Tarihin Tsare Rubutu da Gyare-gyarensa

A ranar 15 ga Maris 1903 sojojin Ingila suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya fita hijira zuwa gabas da jama'a mai yawa, aka kashe shi a Burmi ranar 27 ga Yuli na wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda aka fi sani da Mai Wurno, ya ci gaba da tafiya da waɗanda suka tsira har suka isa gaɓar Shuɗin Nilu a ƙasar Sudan a 1906, inda suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe gonakin auduga na Jazira, ƙauyukan Hausawa da Fulani suka ƙaru a yankin, domin maniyyata da yawa sun tsaya neman guzuri, zama ya kama su.

Masu hijira sun tafi da littattafan Shehu Usmanu da na Abdullahi da na Muhammadu Bello a cikin gafaka. Rubutun hannu ne, kuma duk mai son littafi sai ya kwafa. To, yaya wanda ke Mai Wurno zai san cewa abin da ke hannunsa shi ne abin da aka rubuta a Sakkwato? Malamai sun gaji hanyoyin magance wannan. Warƙoƙin a sake suke ba a ɗinke ba, saboda haka marubuci yakan sa kalmar farko ta warƙa mai zuwa a ƙasan wadda ya gama. In wata ta ɓata ko ta sauya wuri, nan take za a gane. In an gama kwafi sai a yi muƙabala: wani yana karanta asali, wani yana bin sabon. Gyara yakan shiga gefen shafi da alamar ingantawa, ba tare da an goge abin da ke ciki ba. A ƙarshe marubuci yakan rubuta sunansa da na mai littafin, ijaza kuma ta nuna daga wane malami aka karɓo karatun. Mafi muhimmanci, kowane kwafi cikakke ne. Faɗuwar Sakkwato ba ta hana karatu a bakin Nilu ba.

Masu rubuta manhajar kwamfuta sun ci karo da irin wannan matsala: mutane da yawa suna gyara rubutu ɗaya, ana bukatar sanin wanda ya sauya me, da yaushe. A 1972 Marc Rochkind ya ƙirƙiro SCCS a Bell Labs ta Amurka don adana tarihin gyare-gyare. Daga baya CVS ta zo, sai Subversion a 2000. Waɗannan biyun sun tara tarihin a uwar garke guda. Wanda hanyarsa zuwa gare ta ta yanke, ba ya iya ajiye sabon gyara cikin tarihin.

A watan Afrilu 2005, bayan an janye wa masu aikin Linux damar amfani da BitKeeper kyauta, Linus Torvalds ya rubuta Git bisa wani tsari daban. Umarnin git clone yana sauko wa mutum da ma'ajiya tare da tarihinta tun daga farko. Duk gyaran da aka ajiye da git commit yana ɗauke da sunan mai yinsa, da lokaci, da lambar shaida ta gyaran da ya gabace shi, ta yadda taɓa tsohon gyara zai sauya lambobin duk waɗanda suka biyo baya. Da git log ake bin silsilar, da git diff ake muƙabala. Duk waɗannan suna aiki a layin umarni ko babu intanet.

Sai dai jama'a sun sake taruwa wuri guda. An buɗe GitHub a 2008, Microsoft ta saye shi a 2018 kan dala biliyan 7.5, a watan Satumba 2020 kuma aka fitar da cikakken zubin gh na farko, manhajar sarrafa ma'ajiyoyin GitHub daga layin umarni. Mutanen Sudan sun riga sun ga haɗarin dogaro da rumbun wani. Saboda takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba wa ƙasar daga 1997 zuwa Oktoba 2017, SourceForge ya toshe masu shiga daga Sudan da wasu ƙasashe huɗu a Janairu 2010. A Yuni 2019 an katse intanet sama da wata guda. Bayan ɓarkewar yaƙi a Afrilu 2023, dakarun RSF suka kama Wad Madani, babban birnin Jazira, a Disamba, sadarwa ta yanke a yawancin ƙasar a Fabrairu 2024, kuma sojoji ba su ƙwato birnin ba sai Janairu 2025.

Darasin ga ɗalibi, a Wad Madani yake ko a Kano, shi ne ya san abin da ke hannunsa da abin da ke hannun wani. Rubutun manhaja da tarihinsa suna cikin kwamfutarsa, amma rahotannin matsaloli da tattaunawar da aka yi kan gyare-gyare suna uwar garken GitHub, git clone ba ya sauko da su. Sai an nemo su da irin umarnin gh issue list an adana. Da git remote add yana iya ƙara ma'ajiya ta biyu a wani wuri kamar GitLab. Da git bundle kuma yana iya dunƙule tarihin gaba ɗaya cikin fayil guda, ya sa a filashi, ya miƙa wa abokin aikinsa hannu da hannu ranar da hanya ta yanke.