Rubutun da ya gagari Netscape

A ranar 31 ga Maris, 1998, kamfanin Netscape da ke Mountain View a jihar Kalifoniya ya yi abin da manyan kamfanonin manhaja ba su saba yi ba. Ya ɗora asalin rubutun burauzarsa a intanet, ya ce duk mai so ya ɗauka ya karanta, in ya ga abin gyara ya gyara. Wannan rubutu, wanda masu sana'ar ke kira kod, shi ne jerin umarnin da ɗan Adam ke tsarawa layi bayan layi kafin a juya shi zuwa abin da kwamfuta ke aiki da shi. Kamfanoni kan ɓoye shi kamar yadda maƙeri ke ɓoye sirrin ƙirarsa. Lissafin Netscape shi ne dubban masu rubuta manhaja daga sassan duniya za su yi masa aikin gayya, su taya shi yaƙi da Microsoft. Mutane da yawa sun sauke rubutun. Waɗanda suka iya kama bakin zarensa har suka ƙara wani abu a ciki ba su da yawa, kuma dalilin hakan ya samo asali ne tun shekaru huɗu kafin wannan rana.

Jim Clark da Marc Andreessen suka kafa kamfanin a Afrilun 1994, kuma kafin shekarar ta ƙare burauzar Navigator ta fito. A ranar 9 ga Agustan 1995 aka fara sayar da hannun jarinsa a kan dala 28, aka tashi kasuwa yana sama da dala 58, alhali kamfanin bai fara cin riba ba. A cikin watan ne kuma Microsoft ya fitar da Internet Explorer na farko. Daga nan aka shiga tseren da ba a tsayawa shan ruwa. Brendan Eich ya tsara samfurin farko na harshen JavaScript cikin kwana goma a Mayun 1995. Navigator na 2 da na 3 duk sun fito a 1996, na 4 ya biyo baya a Yunin 1997, an ɗora masa manhajar wasiƙu da ta tsara shafuka da wasu tarkace. Kowane sabon abu a kan tsohon gini aka aza shi, ba a koma an duba ko harsashi zai ɗauka ba.

Misali ɗaya ya isa ya nuna yadda cikin gidan ya kasance. A Disambar 1996 ƙungiyar W3C, mai tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta amince da CSS, tsarin da Håkon Wium Lie da Bert Bos suka jagoranta. Manufarsa ita ce a raba abin da shafi ke faɗa da kwalliyar da ake yi masa: rubutu da sassansa su zauna a fayil guda, launi da girman haruffa da tazara su zauna a wani, ta yadda mai son sauya launin shafi ɗari zai taɓa wuri ɗaya kawai. Netscape yana da nasa tsarin da ya gina a kan JavaScript, wanda bai samu karɓuwa ba. Da lokaci ya ƙure, sai injiniyoyinsa suka sa Navigator na 4 ya riƙa fassara CSS zuwa wancan tsari nasu kafin ya yi aiki da shi. Sakamakon haka, duk wanda ya kashe JavaScript a burauzarsa, kwalliyar shafukan ma sai ta ɓace, abubuwa biyu da ba su da dalilin zama a ɗaure da juna. Dabara ce ta ranar ƙunci, ta kuma fitar da kamfanin kunya a wannan rana, amma duk wanda ya zo gyara daga baya sai ya fara gano wannan ƙulli kafin ya taɓa komai.

Wahalar ba ta tsaya cikin kamfanin ba. Netscape da Microsoft kowanne ya ƙirƙiro tasa hanyar motsa abubuwa a kan shafi, don haka masu gina shafuka suka koma rubuta aiki ɗaya sau biyu, da ɗan gwaji a farko mai tambayar wace burauza ce ta zo. Gyara ɗaya sai a yi shi a wuri biyu, in an manta da ɗayan, rabin masu ziyara su ga shafi a karye. Wannan ne ya sa wasu masu gina shafuka suka kafa ƙungiyar Web Standards Project a 1998, suna matsa wa kamfanonin biyu su bi ƙa'ida guda.

Ward Cunningham ya riga ya ba wannan hali suna tun 1992, inda ya kwatanta shi da bashi. Fitar da manhaja da gaggawa kamar cin bashi ne, yana da amfani in za a biya da wuri, in kuwa aka bar shi, kowace sa'a da aka ɓata wajen fama da rubutun da bai daidaita ba kuɗin ruwa ce. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma babu manhajar da ba a bin ta wani abu. Na Netscape dai ya taru har ya kai kamfanin ba ya iya tafiya da saurin da ya ci bashin dominsa.

Kafin a saki rubutun a 1998 sai da aka shafe makonni ana share shi. An cire sassan da mallakin wasu kamfanoni ne, an cire na sirranta bayanai saboda dokokin Amurka na fitar da irin wannan fasaha waje, an kuma bi bayanan gefe ana goge ashar. Bayanan gefe su ne abin da mai rubutu ke barin wa na bayansa, tamkar ta'alikin da malami ke yi a gefen littafi domin ɗalibin da zai zo ya karanta ba ya nan. Abin da ya rage bayan sharar babba ne, a cukurkuɗe, kuma da giɓi a ciki. A ƙarshen Oktoban 1998 shugabannin aikin, wanda aka raɗa wa suna Mozilla, suka yanke shawarar jingine tsohon injin da ke zana shafuka, su koma kan sabo, wanda daga baya aka sani da Gecko. Haka aka binne Navigator na 5 tun bai ga rana ba. Wata guda bayan haka AOL ya sanar da sayen Netscape a kan dala biliyan 4.2.

Jamie Zawinski, ɗaya daga cikin ma'aikatan farko na kamfanin kuma jigo a Mozilla, ya ajiye aiki da aikin ya cika shekara. A bayanin da ya wallafa ya koka cewa har lokacin yawancin masu aikin ma'aikatan Netscape ne, rubutun ya yi wa na waje wuyar shiga, kuma ba a fitar da abin da mutane za su yi amfani da shi ba. Netscape na 6 bai fito ba sai Nuwamban 2000, ya fito da nauyi da kurakurai. Mozilla 1.0 sai Yunin 2002. A lokacin Internet Explorer ya haura kashi 90 cikin 100 na kasuwa.

A Afrilun 2000 Joel Spolsky, tsohon ma'aikacin Microsoft, ya rubuta maƙalar da har yau ake kafa hujja da ita, inda ya kira sake rubutun daga tushe kuskure mafi girma da kamfanin manhaja zai iya yi. Hujjarsa tana da ƙarfi. Karanta kod ya fi rubuta shi wuya, shi ya sa kowane injiniya ke ganin na wanda ya gabace shi shirme ne. Kuma yawancin munanan layukan da ke cikin tsohon rubutu faci ne na matsalolin da aka sha wuya kafin a gano su, wanda ya zubar da su ya zubar da ilmin shekaru. Sai dai hukuncin nasa ya yi tsauri. Microsoft ma sabon inji ya sa wa Internet Explorer na 4 a 1997, ya kuma ci nasara, domin yana da kuɗin Windows da zai jingina da su. Ya kuma riƙa cusa burauzarsa kyauta cikin Windows, kuma a Afrilun 2000 wata kotun tarayya ta same shi da laifin saɓa dokar hana babakere. Ko da rubutun Netscape tsaf yake, da wuya ya tsira daga wannan. Abin da rikitaccen rubutun ya jawo shi ne ya bar kamfanin da zaɓi biyu marasa daɗi a daidai lokacin da ba shi da sararin ko ɗaya: ya ci gaba da faci a kan faci, ko ya yi shekara biyu hannunsa babu sabon kaya. Hanya ta uku, wato gyara tsarin rubutu kaɗan-kaɗan ba tare da sauya aikin da yake yi ba, ita Martin Fowler ya tattara a littafinsa na 1999, amma hanya ce da ake fara bi tun gini bai tsage ba.

Gecko bai tafi a banza ba. A kansa aka gina Firefox, wanda ya fito a ranar 9 ga Nuwamban 2004, bayan AOL ya janye hannu an kafa Gidauniyar Mozilla a Yulin 2003. Amma akwai wani abu da ya faru a tsakani wanda ya fi wannan tasiri. Lokacin da Apple ya tashi gina burauzarsa Safari, shugaban aikin, Don Melton, tsohon ma'aikacin Netscape ne, kuma kowa ya zaci Gecko zai ɗauka. Sai ya ɗauki KHTML, wani ƙaramin inji da 'yan sa-kai na aikin KDE suka rubuta, wanda ba kowa ya san da shi ba. A wasiƙar da ya aika musu a Janairun 2003 ya bayyana dalili: rubutun nasu bai kai layi 140,000 ba, tsarinsa a fili yake, kuma yana da sauƙin aiki a ciki.

Daga KHTML aka samu WebKit. Google ya gina Chrome a kansa a 2008, ya ɓalle da nasa reshen mai suna Blink a 2013. A Janairun 2020 Microsoft ya fitar da sabuwar burauzar Edge a kan wannan reshe, ya bar nasa injin, sannan ya yi wa Internet Explorer ritaya a Yunin 2022. Wayar Android ko iPhone da ake buɗe shafi da ita yau a Kano ko Damagaram, galibi jikan wancan ƙaramin inji ne ke zana abin da ke bayyana a fuskarta.