Asalin Koyar da Masu Gashin Ciwon Daji Ladabin Zance da Majinyaci

Mutumin Garwa ko na Marwa a arewacin Kamaru wanda Allah ya jarraba da ciwon daji, har likita ya ce lalle sai an yi masa gashi da na'ura, shekaru da yawa ba shi da makawa sai ya ɗaure kayansa ya bi mota wajen kilomita 280 daga Garwa zuwa Ngaundere, ya kwana cikin jirgin ƙasa tafiyar fiye da kilomita 600 zuwa Yawunde, wani lokaci ma ya zarce Duwala, domin a manyan asibitocin biranen nan biyu, waɗanda aka buɗe a ƙarshen shekarun 1980, aka girka na'urorin kobal. In ya isa kuwa, wanda zai riƙa gani kullum ba babban likita ba ne, ma'aikacin nan ne mai sarrafa na'ura, wanda zai kwantar da shi, ya daidaita jikinsa bisa alamun da aka zana masa a fata, sa'an nan ya fita ya ja ƙofa ya bar shi shi kaɗai, kwana biyar a mako, har mako biyar ko bakwai. Abin da ma'aikacin nan ke faɗa masa kafin ƙofar ta rufe ya zama yau darasi da ake koyarwa, har a yi jarrabawa a kansa, kuma ya kamata mu san ta inda ya ɓullo.

Magabata ba su ɗauki zance da majinyaci baƙon abu ga ilmin ɗibbu ba. Tun a ƙarni na 9 na Miladiyya Is'haƙa ɗan Aliyu al-Ruhawi ya wallafa Adabul Ɗabib, inda ya yi bayanin halin da ya wajaba likita ya siffantu da shi, da riƙon amana, har da ladubban masu jinya da masu zuwa dubiya. A ƙasashenmu ma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi talifai a kan ɗibbu, kuma bayan da Modibbo Adama ya karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu, littattafan malaman Sakkwato sun bi almajirai har ƙasar Fombina, wadda Garwa ke cikinta. Ba mu ce malamin zaure ko wanzami ko ungozoma suna da abin da zai kashe ciwon daji ba, gama ba su da shi. Amma da harshen majinyaci suke yi masa magana, sai sun gaisa sun tambayi gida da iyali kafin su taɓa shi, shi kuma yana tashi daga gabansu ya san abin da aka ce masa.

Likitancin Turawa ya shigo da wata ɗabi'a dabam. Jamusawa sun ci Garwa a 1901, Ingilishi da Faransawa suka ƙwace ta a 1915, daga baya ta zauna a hannun Faransa. Likitan da ya fi shahara a Kamaru a zamanin nan shi ne Eugène Jamot, wanda ya yaƙi ciwon barci a shekarun 1920 daga garin Ayos a kudu. Hanyarsa ita ce a tara gari gaba ɗaya, a jera mutane sahu sahu, a lalluba wuyan kowa, a yi wa mai cuta allura. Rayukan da aka ceto ta wannan hanya suna da yawa ƙwarai, kuma rashin adalci ne a musa haka. Sai dai ta gadar wa asibiti wata al'ada wadda ta daɗe bayan Turawa sun tafi: likita ya ba da umurni, tafinta ya taƙaita, majinyaci ya bi ba tambaya. Ko da aka buɗe makarantar likitanci ta Yawunde a 1969 ƙarƙashin Farfesa Monekosso, 'yan ƙasa suka fara karatun likitanci a gida, harshen aji da na takardar asibiti bai sauya ba.

A Turai da Amurka kansu, na'ura ta riga harshe nisa. Röntgen ya gano haskensa a Jamus a 1895, Marie da Pierre Curie suka gano radiyom a 1898, aka fara gashi da kobal a Kanada a 1951, alhali kuwa har a 1961, sa'ad da Donald Oken ya tambayi likitoci a Shikago, kashi 90 cikin 100 sun ce sun fi son ɓoye wa mai ciwon daji sunan ciwonsa. Da aka maimaita irin tambayar a 1979, kashi 97 suka ce faɗa suke yi. Cikin shekarun da ke tsakani ne Cicely Saunders ta buɗe gidan jinyar masu ciwon ajali a Landan a 1967, Elisabeth Kübler-Ross kuma ta fitar da littafinta a 1969 bayan ta zauna ta saurari waɗanda mutuwa ta kusanto. To, amma yarda a faɗi gaskiya dabam, iya faɗinta dabam. Nan ne dabarar Howard Barrows ta yi rana, wanda tun a 1963 ya riƙa horar da lafiyayyen mutum ya kwaikwayi majinyaci, domin ɗalibi ya yi kurensa a kan wanda kuren ba zai cuta ba, sa'an nan wannan mutum ya gaya masa yadda maganarsa ta sauka a zuciya. A 1975 Ronald Harden a Dandi ta Sikotland ya mai da irin wannan gwaji jarrabawa. A 1984 wani bincike ya nuna likitoci kan katse majinyaci bayan daƙiƙa 18 kacal da fara bayaninsa. Masu sarrafa na'urar gashi su ne aka tuna da su daga baya, ko da yake su suka fi kowa yawan haɗuwa da majinyaci. Littafin koyar da su da Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ta fitar a 2014 ya sanya kula da majinyaci da yi masa bayani cikin abin da ake bukata ga ɗalibi, tare da ilmin jiki da lissafin haske.

Sai dai darasin da aka tsara domin Bature mai shiga ɗakin likita shi kaɗai, ya yanke hukunci shi kaɗai, ba zai wadatar a Garwa da ke bakin kogin Binuwai ba. A nan mace takan zo da mijinta ko wanta, sau da yawa su ake fara gaya wa, kuma kunya, wadda Fulani da Hausawa suka ɗauka ado ce ga mutum, takan hana ta ambaton inda ke mata ciwo gaban namiji. Ga kuma harshe: Fulatanci ne ke haɗa kabilun arewacin Kamaru a kasuwa, Hausa na biye da shi a unguwanni, ma'aikaci kuwa da Faransanci aka koyar da shi. Akwai waɗanda suka riga suka share fage. Henry Tourneux, masanin harshe da ya daɗe a Marwa, ya fitar da ƙamus na Fulatanci a kan jiki da lafiya a 2007, sa'an nan a 2010 shi da Léonie Métangmo-Tatou ta Jami'ar Ngaundere suka fitar da littafi a kan yadda ake zancen ƙanjamau a arewacin Kamaru, bayan sun bibiyi abin da jama'a ke fahimta daga saƙonnin lafiya da ake fassara musu.

Ɗakin gashi na bukatar irin wannan aiki fiye da ko'ina, domin tambayoyin da ke ran majinyaci ba su cikin littattafan Landan. Yana son ya sani ko wanka da alwala za su goge alamun da aka zana masa, ko zai iya azumi, ko hasken zai bi shi gida ya cuci jikokinsa, alhali gashin da ake yi daga waje ba ya barin kome a jiki da zai taɓa wani. In fatarsa ta yi duhu ko ta saɓule a mako na uku, ba a kuwa gargaɗe shi tun farko ba, sai ya ɗauka ƙona shi ake yi, ya tattara ya koma gida, kuma gashin da aka yanke a tsakiya amfaninsa ya ragu ƙwarai. Ashe kenan shimfiɗar fuska da bayani mai gamsarwa ba ƙarin alheri kaɗai ba ne, suna cikin sharuɗɗan ingancin maganin kansa.

Yanzu Garwa tana da tsangayar likitanci, wadda ta fara ƙarƙashin Jami'ar Ngaundere, ta koma ƙarƙashin Jami'ar Garwa da aka kafa a 2022. Muna roƙon malamanta, da dukan masu horar da ma'aikatan na'ura da masu jinya a Arewa, su sa wannan darasi cikin farillai, su nemo dattawa maza da mata daga unguwannin gari su zauna a matsayin majinyata, kada kuma a ba ɗalibi shaidar kammalawa sai ya iya bayyana wa tsohuwa, da Fulatanci ko da Hausa, abin da za a yi mata da dalilinsa, har ta maimaita masa da bakinta.