Jawabin Faɗakarwa: Yadda Ake Shirya Shi, Yadda Ake Jera Shi

Jawabin faɗakarwa shi ne maganar da mutum zai miƙe ya yi a gaban jama'a don ya sanar da su abin da ba su sani ba, ko wanda suka sani rabi-rabi. Ya bambanta da wa'azi mai neman gyara zuciya, ya kuma bambanta da jawabin ɗan siyasa mai neman ƙuri'a. Abin da ake auna shi da shi guda ɗaya ne: wanda ya saurara, in ya koma rumfarsa aka ce masa "me aka ce a taron?", zai iya maimaitawa daidai?

Ni a Ali Kazaure na tashi, cikin Jos ta Arewa. Mahaifina fataucin shanu yake yi zuwa Kudu, kuma da yake na gama sakandare, sau da yawa ni ake miƙa wa takardar hukuma a ce in karanta in yi wa mutane bayani. Abin da na lura da shi a tarukan unguwarmu da na Kara ta Bukuru, shi nake gani a Sabon Ibadan da Agege da Lokpanta. Mutanenmu sun iya magana, wallahi. Shirinta ne ba a cika damuwa da shi ba.

Asalinsa a wurinmu

Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Mai shela na gargajiya yakan fara da faɗin wanda ya aiko shi, ya ce Sarki ya gaishe ku, sai saƙon, sai abin da zai samu wanda ya ƙi ji, sannan ya matsa gaba ya maimaita ba tare da ya ƙara ko ya rage ba. Tushe, saƙo, abin yi, maimaici. An kuma ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) yakan maimaita magana sau uku don a fahimce ta. Duk abin da zan faɗa a ƙasa faɗaɗa wannan ne.

Magana ɗaya, a jimla ɗaya

Kafin ka rubuta komai, ka faɗa wa kanka dalilin tashinka a jimla ɗaya. In ta ƙi shiga jimla ɗaya, to ba ka gama tunani ba tukuna. "Zan yi magana kan lafiyar dabbobi" ya yi faɗi, sai ka kwana kana yi. "Ina so kowane mahauci da dillali ya gane saniyar da ciwon saifa ya kashe, ya kuma san abin da zai yi" ita ce jimlar da za a iya gina jawabi a kanta.

Daga nan sai ka duba su wa za su zauna a gabanka. Dattawan da suka shekara arba'in a cikin shanu ba sa buƙatar a gaya musu mene ne ɓoru ko ciwon huhu, sun fi ka sani, kuma in ka fara koya musu sai su daina jin ka. Abin da ya ɓace musu shi ne abin da sabuwar takarda ta ce. Ka duba lokaci ma. Taron bayan La'asar Magariba ce iyakarsa, kuma a Jos cikin Disamba babu wanda zai zauna maka awa guda a waje da wannan sanyin.

Tabbatar da magana

Nan ne nauyin yake. Duk wanda ya tashi a Jos ya san abin da "an ce" take iya jawowa. Rikicin 7 ga Satumba 2001 ban yi wayo ba, amma na Nuwamba 2008 da na Janairu 2010 na ga yadda labari ke shiga layi ya fito ya ninka kansa. 'Yan'uwa na Ibadan sun ga irinsa a kasuwar Shasha a Fabrairun 2021. Mai riƙe da lasifika yana da ƙarfin da mai hira a teburin mai shayi ba shi da shi, domin mutane za su ce "a taro aka faɗa".

Saboda haka kowace magana a jawabinka ka san inda ka samo ta, kuma ka faɗi wurin da bakinka. Ka raba abin da ka gani da ido, da abin da ka karanta a takardar hukuma, da abin da ka ji. Na ukun, in ba ka iya bin sawunsa ba, ka bar shi a gida. Kwanan wata da adadin kuɗi kuwa a rubuta su, kar a dogara da ka.

Jeri

Ana jera jawabin faɗakarwa ta hanyoyi da dama, kuma maganar ce ke zaɓar hanyar da ta dace da ita.

In abu ne da ya faru daki-daki, bi lokaci. Canjin kuɗi misali ne da duk mai fataucin shanu ba zai manta ba. Babban Bankin Najeriya ya yi sanarwa a 26 ga Oktoba 2022 cewa za a sauya naira 200 da 500 da 1,000. Sababbin suka fito a 15 ga Disamba. Aka sa wa'adin 31 ga Janairu 2023, aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu, sannan a 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce tsofaffin su ci gaba da aiki har ƙarshen shekarar. Wanda ya jera wannan a bi da bi, mutane za su san inda aka kwana. Wanda ya fara da kotu ya koma Oktoba ya dawo Fabrairu, sai a watse ana gardama.

In maganar hanya ce, bi wuri: daga Jos zuwa Akwanga, Lafiya, Makurɗi, Inugu, kana faɗin abin da direba da ɗan rakiya za su tarar a kowane zango.

Amma wanda na fi ganin amfaninsa shi ne jerin tambaya, wato ka bi tambayoyin da ke cikin zuciyar mai sauraro yadda za su zo masa. Ɗauki ciwon saifa. A Yulin 2023 gwamnatin tarayya ta tabbatar da ɓullarsa a wata gona a yankin Suleja, jihar Neja, bayan gwajin cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda ke nan kusa da mu tun 1924. Kafin nan ma an ja kunnen mutane kan cin ganda, kasuwa ta rikice. Mai jawabi a mayanka zai fara da: me ya faru, a ina, wa ya tabbatar? Sai: ta yaya zan gane shi? Dabba ta faɗi ta mutu farat ɗaya, jini baƙi-baƙi na fita ta hanci ko baki ko dubura kuma ba ya daskarewa, ciki ya kumbura da wuri. Sai: me zan yi? Kar a feɗe, kar a ci, kar a sayar da fatar, a kira likitan dabbobi. Sai ka ba da dalili, don Bahaushe ba ya barin asara sai ya ji dalili: in aka buɗe mushen, ƙwayar cutar na zama a ƙasa shekaru masu yawa, kuma tana kama mutum ta fata ko ta nama ko ta numfashi. Ka ƙare da abin da ke kwantar da hankali, cewa akwai allurar rigakafi ta dabbobi, mutum kuma yana warkewa in an kai shi asibiti da wuri. Gaɓa biyar ke nan, kuma sun isa. In suka kai bakwai, ta farkon ta zube kafin ka kai ta ƙarshe.

Tsakanin gaɓa da gaɓa ka sa alama da baki: "wannan ke nan game da alamomi, yanzu sai abin yi." Mai karatu yana iya komawa baya, mai sauraro ba ya iyawa.

Gaisuwa da buɗewa

Gaisuwa dole ce. Sallama, sai ranka ya daɗe ga Sarkin Hausawa ko mai unguwa, Allah gafarta malam ga liman, sai Sarkin Fawa da shugabannin kasuwa, sai sauran jama'a a dunƙule. Ka tambayi jerin girma tun kafin a zauna, domin tsallake mutum ɗaya na iya cinye taron. Sai dai fa na sha ganin an ba mutum minti goma ya kashe shida a kiran sunaye da kirari. Wanda ya riga ka magana ya gama gaishe su, kai ka taƙaita. Da ka gama, faɗi jimlar nan taka ɗaya, ka faɗi gaɓoɓi nawa za ka kawo.

Harshe

A Kudu taro ba ya rasa Bayarabe ko Inyamuri abokin ciniki, ko jami'in ƙaramar hukuma, ga kuma yaranmu haifaffun Sabo da Hausarsu ta gauraya. In da tafinta, ka yanka magana gajeru-gajeru, ka tsaya ya juya, kuma ka nuna masa lambobinka tun farko. Karin magana ɗaya ya isa, shi ma in tafinta zai iya da shi. Kalmar Turanci da ke cikin takarda ka nemo sunanta na kasuwa. In ka ce "saifa" kowane dattijo ya gane.

Takarda, gwaji da rufewa

Kar ka rubuta jawabin duka ka tsaya kana karantawa kai a sunkuye. Ƙaramar takarda mai kanun gaɓoɓi da lambobi ta wadatar, da boko ko da ajami, wanda idonka ya fi saurin kamawa. Ka gwada da agogon waya, ka yi wa ƙaninka ko wani yaron shago, sannan ka ce ya maimaita maka. Inda ya yi tuntuɓe, nan ne gyaranka.

A rufewa ka sake faɗin abin yi, da wanda za a nema, da inda yake zama. Ka bar lokacin tambaya. In aka yi wadda ba ka da amsarta, ka ce za ka bincika ka kawo ranar kaza, kar kunya ta sa ka ƙirƙira.

Abu na ƙarshe, yanzu kusan kowane taro akwai mai ɗauka a waya. Muryarka za ta iya yawo a WhatsApp daga Ali Kazaure zuwa Fatakwal, ta sake dawowa bayan shekara biyu a ce yau abin ya faru. Don haka ka faɗi kwanan wata da sunan wurin a farkon jawabi, ka kuma sake faɗinsu a tsakiya, saboda masu yanke sauti su tura rabi.