Shaka a Kan Allo, Kona a Bakin Ƙofa

Duk ɗalibin da ya ɗauki darasin tarihi a babbar sakandare a Kona, ko a wata makaranta ta cikin Jalingo, kafin ya zauna jarrabawar shiga jami'a sai ya gamu da Shaka. Manhajar JAMB ta ware babi guda ga tasowar daular Zulu da yaƙe-yaƙen da ake kira Mfecane. Malami zai tsaya gaban allo da alli ya zana tsarin yaƙin Zulu mai siffar ƙirjin bijimi da ƙahoninsa biyu, ya nuna yadda rundunar tsakiya ke tare abokan gaba, ƙahonin kuma su zagaya ta dama da hagu su rufe su ruf. Yara su kwafa a littafi: Shaka ya hau mulki wajen 1816, ya ƙware a yaƙi a ƙarƙashin Dingiswayo sarkin Mthethwa, ya karya Zwide na Ndwandwe, ya fifita gajeren mashi mai faɗin baki a kan dogon da ake jifa da shi, sannan 'yan'uwansa Dingane da Mhlangana suka kashe shi a 1828. Ilimi ne mai amfani, ba ni da ja a kansa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, yaron da ya haddace wannan duka zai iya gama makaranta ba a taɓa faɗa masa a aji cewa a ƙarshen 1892 an kafa wa garin kakanninsa igwa ba, ko cewa birnin da yake zuwa cin kasuwa a cikinsa a bayan wannan yaƙin aka kafa shi. A ganina, tarihin Zulu, in aka koyar da shi yadda masana suka fahimce shi a yau, shi ne hanya mafi sauƙi ta shigo da tarihin Kona cikin aji.

Ya kamata a fara sanin yadda Shaka ya iso allon makarantun Nijeriya, domin da manufa ya zo. A shekarun samun 'yancin kai, malaman tarihi na Jami'ar Ibadan, irin su Kenneth Dike da Ade Ajayi, sun ɗaura ɗamarar rusa da'awar Turawa cewa baƙar fata ba shi da tarihi sai wanda Bature ya zo ya yi masa. Suka kafa jerin littattafai da sunan jami'ar, kuma a cikin jerin ne a 1966 littafin John Omer-Cooper mai suna The Zulu Aftermath ya fito. Omer-Cooper ya koyar a Ibadan, kuma ya nuna Shaka a matsayin mai gina ƙasa, wanda juyin da ya kawo ya haifar da daular Ndebele ta Mzilikazi, ya kuma tilasta wa Moshoeshoe tara mutanen da suka zama Lesotho. A lokacin da wariyar launin fata ke tashenta a Afirka ta Kudu, koya wa yaron Nijeriya cewa mayaƙan Cetshwayo sun murƙushe rundunar Ingila a Isandlwana ranar 22 ga Janairun 1879 aiki ne na ɗaga kai. Sai dai wannan manufar ta zo da nata ma'auni: wanda ya ci ƙasa da yawa shi ya cancanci babi. Da wannan ma'aunin aka auna tarihin gida ma. Sakkwato da Borno da Oyo da Benin suka samu wuri, Jukunawa suka samu 'yan sakin layi a kan Kwararrafa da Aku Uka na Wukari, garuruwa irin su Kona kuwa, waɗanda aka ci da yaƙi, suka faɗa ƙasan tebur.

To, labarin Shaka da kansa bai tsaya inda Omer-Cooper ya bar shi ba. A 1988 wani malamin tarihi a Afirka ta Kudu, Julian Cobbing, ya wallafa maƙalar da ta tayar da ƙura, yana cewa an ɗora wa Shaka laifin da ba nasa kaɗai ba ne, domin farautar bayi daga gaɓar Delagoa da hare-haren neman ma'aikata daga yankin Cape suna da hannu a tarwatsewar mutane, kuma Turawan wariya sun yi amfani da labarin Mfecane don su ce ƙasar da suka mamaye kango suka tarar da ita. Wasu masana, ciki har da Elizabeth Eldredge, suka mayar masa da martani cewa ya wuce gona da iri, don cinikin bayi a Delagoa bai bunƙasa ba sai bayan an riga an fara yaƙe-yaƙen. Gardamar ta sa kowa ya koma ya binciki shaidun. Aka ga cewa mafi yawan labarin zaluncin Shaka daga alƙaluman fatake biyu ya fito, Henry Fynn da Nathaniel Isaacs, kuma akwai wasiƙar da Isaacs ya rubuta wa Fynn yana ba shi shawarar ya zuzuta zubar da jinin sarakunan Zulu a littafinsa. Aka kuma koma ga James Stuart, jami'in mulkin mallaka da ya shafe shekaru daga ƙarshen ƙarni na 19 yana zama da dattawan Zulu yana rubuta maganarsu, tare da sunan kowane mai ba da labari da ranar da ya bayar. An fara buga wannan taska a 1976. Ga kuma Magema Fuze, wanda ya wallafa tarihin mutanensa da harshen Zulu a 1922, ga kirarin sarakuna da maroƙan fada suka adana a ka. Darasin Zulu na gaskiya a yau ya ƙunshi tambayoyi ne: wa ya faɗa, yaushe ya faɗa, me yake nema da faɗar?

Waɗannan tambayoyin ne tarihin Kona yake jira. Mutanen Kona reshe ne na Jukunawa, suna da harshensu na Jiba da sarkinsu Kuru. Abin da ɗalibi ke karantawa game da Kwararrafa, wadda ake dangantawa da Jukunawa, yawancinsa daga bakin waɗanda ta yaƙa ya fito: kundin tarihin sarakunan Kano, wanda Palmer ya fassara a 1908, shi ya ba da labarin yadda mayaƙanta suka shiga birnin a zamanin Sarki Muhammadu Zaki, suka sake shiga a zamanin Sarki Dadi wajen 1671. Har yau masana na muhawara ko daula ɗaya ce mai sarki ɗaya ko ƙawancen al'ummu ne. Littafin C. K. Meek na 1931, A Sudanese Kingdom, wanda ya taɓo Kona, aikin jami'in gwamnatin mallaka ne da ke neman tsohuwar sarautar da za a jingina mulki a kanta, kuma ya cika son danganta al'adun Jukunawa da tsohuwar Masar. A ƙarni na 19 kuwa labarin ya fi fitowa fili. Hammaruwa, ƙanen Buba Yero na Gombe, ya kafa Muri a 1817, shekara guda bayan hawan Shaka, kuma shekarar da Shehu Usmanu ya rasu. Masarautar ta yi ta faɗaɗa zuwa kudancin Binuwai, Kona ta tsaya mata a maƙogwaro. Sarkin Muri Muhammadu Nya, wanda ya yi mulki daga 1874 zuwa 1896, ya daɗe yana fama da garin bai ci shi ba. Sai ga Louis Mizon, hafsan sojan ruwan Faransa, ya hauro Binuwai a 1892 da jiragen ruwa biyu, Mosca da Sergent Malamine, yana neman yarjejeniyar da za ta shiga gaban Kamfanin Royal Niger na George Goldie. Farashin yarjejeniyar shi ne Kona. A watan Disamba igwar Mizon ta yi abin da dawakai da masu suka kasa yi, aka fasa garin, aka kashe na kashewa, aka kwashi jama'a masu yawa zuwa bauta. A 1893 Nya ya kafa sansaninsa a Jalingo, wanda ya zama gidan sarautar Muri, ya kuma zama babban birnin Jihar Taraba a 1991.

A dubi yawan bakunan da suka yi magana a kan wannan rana guda. Mizon ya kare kansa da cewa mutanen Kona na tare hanyar fatake. Likitan ayarinsa ya koma Faransa ya tona abin da ya faru a jaridu. Kamfanin Royal Niger ya yi ta kururuta ta'asar a Landan, amma kishiya ce ke ba da shaida, don kasuwar Binuwai yake karewa, kuma a 1893 ya ƙwace kayan Mizon bayan gwamnatin Faransa ta kira shi gida. Fadar Muri na da nata labarin, na sarkin da ya cika burin kakanninsa. Dattawan Kona na da nasu, na waɗanda aka fasa wa gari aka raba uwa da ɗa. Malamin da ya koya wa ɗalibansa su tuhumi Isaacs kafin su yarda da shi a kan Shaka, ya riga ya ba su kayan aikin da za su jera waɗannan shaidun su auna. Bambancin kawai shi ne a nan filin dagar na kusa, ana iya zuwa da ƙafa ko a Keke, kuma jikokin ɓangarorin biyu suna zaune a benci ɗaya.

Wannan zama a benci ɗayan shi ne hujja mafi nauyi da ake kawowa a kan ra'ayina, kuma ban raina ta ba. Za a ce Shaka na da daɗin koyarwa ne don yana nesa, ba wanda zai fita aji da haushin ɗan'uwansa saboda Zwide. Kona kuwa gyambo ne da bai warke ba: a 2019 rikici tsakanin makiyaya da manoma ya ci rayuka ya ƙone gidaje a ƙauyukan yankin, ga kuma taƙaddamar sarauta da ta ƙasa. Me zai sa a tono tsohon zance? Amsata ita ce zancen bai taɓa binnuwa ba. Ana faɗarsa a zaure, ana faɗarsa a wurin makoki da dandalin siyasa, yanzu kuma a Facebook da WhatsApp, kowane ɓangare da rabin da ya yi masa daɗi. Aji ne kaɗai wurin da aka yi shiru, alhali aji ne kaɗai wurin da za a iya tilasta wa labari ya kawo hujjarsa. Cikakken labarin ma ya fi rabinsa sanyaya zuciya. Yaron da ya ji shi duka zai gane cewa Kona ta faɗi ne a tsakiyar kokawar Faransa da Ingila a kan kogi, cewa shekara tara kacal bayan nan, a 1901, Turawan Ingila suka murƙushe Yola suka shimfiɗa ikonsu a kan Muri ita ma, kuma yaƙin sarakuna ne na zamanin da bauta ke halal a idon masu mulki da yawa, ba gadon laifi ba ne da za a rataya wa yaron da aka haifa jiya. Afirka ta Kudu ba ta fi Taraba zaman lafiya ba: dubban mutane sun mutu a rikicin Inkatha da ANC a Natal kafin zaɓen 1994, ana kiran sunan Shaka a dandalin siyasa, duk da haka ba su cire shi daga makaranta ba. Sun sa yara su nazarci yadda aka yi ta sauya siffarsa daga zamani zuwa zamani.

Hujja ta biyu ita ce babu littafi. Gaskiya ne babu ƙaramin littafin aji, amma kayan haɗa shi suna nan. Mahmoud Hamman ya wallafa bincikensa a kan kafuwar Muri da tasirinta a tsakiyar Binuwai a 2007, Sa'ad Abubakar ya yi rubutu a kan al'ummun yankin, John Flint ya bi diddigin rigimar Mizon da Goldie tun 1960, kuma rahotannin jami'an Lardin Muri suna ajiye a ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna. Abin da Kona ta rasa shi ne irin aikin Stuart da na Fuze: wanda zai zauna da tsofaffi, maza da mata, ya ɗauki maganarsu da Jiba yadda suka faɗe ta, ya rubuta sunan zuriyar mai magana da wanda ya ji daga bakinsa, ya haɗa da waƙoƙin makoki da na bukukuwa da jerin sunayen sarakuna. Haka kuma a yi a fadar Muri da gidajen malamanta, inda ake iya samun takardun Larabci da na Fulatanci. Jami'ar Jihar Taraba, wadda aka kafa a 2008, tana cikin Jalingo, kuma wayar da ke aljihun kowane ɗalibinta na ɗaukar murya. Aikin na da gaggawa, domin wanda ya ji labarin daga bakin wanda ya ga yaƙin da idonsa yanzu tsoho ne tukuf, kuma Hausa na ƙara cin wurin Jiba a bakin yaran da suka tashi a birni.

Masu cewa jarrabawa ba ta tambayar Kona, don haka ɓata lokaci ne, suna da 'yar gaskiya a babbar sakandare, inda malami ke tsere da manhaja. Amma ƙasa da nan akwai fili. An cire tarihi daga firamare da ƙaramar sakandare tun wajen 2009, aka narkar da shi cikin wasu darussa, sai a Nuwamban 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da dawo da shi tare da shirin horar da malamai 3,700. Yaro ɗan aji huɗu ba ya bukatar Delagoa. Zai iya fara da tambayar kakarsa daga ina gidansu ya taso, wane ƙauye aka kafa bayan fashewar gari, wa ya tafi bai dawo ba, ya kawo amsar aji a gwada ta da ta abokinsa wanda kakansa ya zo Jalingo a cikin rundunar Nya ko a ayarin fatake. Ma'aikatar ilimi ta jiha na da ikon buga ɗan littafi mai shafi arba'in ko hamsin da zai jera shaidun nan gefe da gefe, da Turanci da Hausa da Jiba, a sa masana daga Kona da daga Muri su duba shi tare kafin a kai maɗaba'a. In wannan yaron ya kai babbar sakandare aka zana masa ƙahonin bijimi a allo, zai riga ya san cewa bayan kowane labarin yaƙi akwai wanda ya bayar da shi, kuma zai tambayi malaminsa daga bakin wa aka ji na Shaka.