Cocin Wusasa: Ginin Ƙasa da Ya Tara Gari

Yamma da ganuwar birnin Zariya, ba nisa da dutsen Kufena, akwai wata majami'a da baƙo zai iya ɗauka soron wani hakimi ce. Cocin Saint Bartholomew ke nan na Wusasa, wanda aka gina a 1929. Magina Hausawa ne suka ɗora shi da tubali da azara, suka ɗaure rufinsa da baka irin na fada da tsofaffin masallatai. Kaurin bangon kan sa cikinsa ya yi sanyi ko da bazara.

Asalin labarin ya girmi ginin da kusan shekara talatin. A 1900 ayarin 'yan mishan na ƙungiyar CMS ta Ingila, ƙarƙashin Bishop Tugwell, ya isa Kano, Sarki Alu ya sallame su ba tare da ɓata lokaci ba, suka koma Girku suka yada zango. A cikinsu akwai wani matashin likita, Walter Miller. Shi ne a 1905, zamanin Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, ya samu wurin zama a cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin shan magani da 'yar makaranta.

Zaman bai taɓa yi wa kowa daɗi ba. Fada na ɗari-ɗari da shi, su kuma Turawan mulki, da suka yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addini ba, suna ganin Likita Miller ƙarfen ƙafa ne. A ƙarshe aka daidaita a kan mishan ta fita bayan gari. Miller bai so hakan ba, don a wurinsa barin birni ja da baya ne. Ya tafi Kano ya duƙufa kan fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wadda ta fito a 1932. Aikin kafa sabon mazauni a Wusasa ya faɗa hannun wani ɗan mishan, Guy Bullen.

Su wa suka cika cocin? Ba Zage-zagin birni ba, sai ɗaiɗaiku. Akwai yaran da suka tashi a hannun mishan. Akwai kuma zuriyar Isawa, almajiran Malam Ibrahim da aka kashe a Kano a ƙarni na 19 saboda matsayin da ya ba Annabi Isa. Wasunsu sun karɓi Kiristanci suka tare a Gimi, sai ciwon barci ya yi musu mummunar ɓarna, waɗanda suka tsira suka nufo Zariya. Daga baya masu wa'azi daga Filato da kudancin Zazzau suka zo da iyalansu. Makabartar Wusasa ita ke riƙe da yawancin wannan zubi na farko, kuma wanda ya bi kaburburan zai ga irin su Bulus da Istifanus a jere da sunayen Hausa da na Fulani.

Garin kuwa a gindin cocin ya tsiro. Makaranta ta biyo, asibitin Saint Luke ya biyo, sai kwalejin Saint Paul wadda yanzu ake kira Kufena, da makarantar horar da limaman coci ta Saint Francis. Hanyoyin da ɗalibai da majinyata suka tattake su ne suka zama layukan unguwa. Har sarauta aka yi, ta Sarkin Wusasa, a ƙarƙashin masarautar Zazzau.

A ganina, abin da Miller ya zo nema bai samu ba: birnin Zariya na nan a Musulmi. Abin da aka samu shi ne 'yan boko na farko. Dokta R. A. B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa kuma shugaban farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa, renon wannan mishan ne. Haka Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, da John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. Yakubu Gowon, shugaban ƙasa daga 1966 zuwa 1975, a nan ya yi ƙuruciya, mahaifinsa na aikin bishara.

Yau Wusasa na da bishop nata a ɗarikar Angilika, jama'a kuma sun fi ƙarfin tsohon ginin. Babbar barazanarsa damina ce, don ginin ƙasa sai da yaɓe a kai a kai, magina masu sanin ɗaurin baka kuwa sai raguwa suke yi a Zariya.